Muhawara: Bayanin da mutum ya yi kan abin da yake ji, hujja ne a kimiyyar hankali ko labari ne kawai?

LikitarFisiyo:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa mazauna wannan zaure. Ina aiki a sashen fisiyo, wato sashen gashi da motsa gaɓoɓi, na wani asibiti, kuma akwai al'amarin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Muna da wani dattijo da aka yanke wa ƙafar hagu daga ƙasan gwiwa saboda ciwon suga, yau wata bakwai ke nan. Har yanzu yana ce mini tsakanin yatsun wannan ƙafa yana yi masa ƙaiƙayi, kuma sau biyu yana saukowa daga gado da asuba da niyyar taka ta, sai ya faɗi. Ba ruɗewa ya yi ba, ya san sarai an yanke ta. Takardar da nake cikewa kuwa gurbi ɗaya ta tanada, in tambaye shi zafin ciwon daga sifiri zuwa 10 in rubuta lamba, duk sauran abin da yake faɗa ba shi da wurin zama a fayil.

Kwanan nan na ci karo da wani reshe na falsafa da ake kira fenomenoloji, wanda aikinsa bayyana yadda abubuwa suke zuwa wa mutum a jinsa da ganinsa, kuma na fahimci masana hankali da ƙwaƙwalwa sun rabu a kansa. Tambayata ita ce, bayanin da mutum ya yi da bakinsa game da abin da yake ji zai iya zama hujja kamar yadda hoton ƙwaƙwalwa yake hujja, ko kuwa ana saurararsa ne kawai don a kwantar wa majinyaci da hankali?

MalaminFalsafa:
Wa alaikumus salam, Malama, Allah ya ba dattijon lafiya. Wanda ya kafa wannan falsafa shi ne Edmund Husserl, an haife shi a 1859 ya rasu a 1938, ya kuma koyar a jami'o'in Jamus. Daga malaminsa Franz Brentano ya ɗauko tushen da ya yi gini a kai, wato hankali kullum yana fuskantar wani abu ne: ba a gani sai ganin wani abu, ba a tsoro sai tsoron wani abu. Hanyar da ya shimfiɗa ita ce mutum ya dakatar da hukuncin da ya saba yankewa kan ko abu yana nan ko ba ya nan, ya mai da hankali kan yadda abin yake bayyana gare shi da tsarin da bayyanar take bi.

Bafaranshen nan Maurice Merleau-Ponty ne ya ja hanyar zuwa ga jiki a babban littafinsa na 1945, kuma a ciki ya tsaya a kan gaɓar da aka yanke amma mai ita yake ci gaba da jin ta. A ganinsa jikin mutum hawa biyu ne, akwai jikin sabo akwai jikin yanzu. Jikin yanzu ya rasa ƙafa, amma jikin sabo, wanda ya shekara sittin yana sauka daga gado ya nufi buta, bai daina ɗaukar ƙasa a matsayin abin takawa da ƙafa biyu ba. Faɗuwar dattijon da asuba tana cikin abin da jikinsa ya iya, ko da kansa ya san akasin haka, kuma wannan bambanci a bakinsa kawai za ki same shi.

Dalibin_Jijiya:
Malam, da girmamawa, ni ina karatun digiri na uku a kimiyyar jijiyoyi, kuma ina da ja. An taɓa gwada gina ilimin halayyar ɗan Adam a kan bayanin da mutane suke yi game da cikin ransu, ginin bai tsaya ba. Bayan Wilhelm Wundt ya buɗe ɗakin gwaje-gwajensa a Leipzig a 1879, an yi shekaru ana horar da mutane su leƙa zukatansu su faɗi abin da suka tarar. Almajiran Oswald Külpe a Würzburg suka ce sun tarar da tunanin da ba ya tare da wata sura, Edward Titchener da mutanensa a Amurka suka ce babu wannan, waɗancan ne ba su iya dubawa ba. An rasa mai raba gardamar, domin babu alƙali na uku da zai leƙa zuciyar wani, kuma wannan na cikin abin da ya sa John Watson ya fito a 1913 ya ce a bar zancen zuci, a auna abin da ido ke gani.

A 1977 Richard Nisbett da Timothy Wilson suka jera safa huɗu iri ɗaya sak, suka ce mutane su zaɓi mafi kyau. Ta gefen dama ta ninka ta gefen hagu kusan sau huɗu wajen samun masu zaɓa, amma da aka tambaye su dalili babu wanda ya ambaci wurin da aka ajiye ta. A 2005 kuma Petter Johansson da Lars Hall a Suwidin suka riƙa nuna wa mutane hotunan fuskoki biyu-biyu, in mutum ya zaɓi ɗaya sai a yi dabara a miƙa masa ɗayar. Mafi yawansu ba su lura ba, har suka shiga kawo dalilan zaɓen fuskar da ba ita suka zaɓa ba. Batun ƙafar dattijo kuwa, akwai taswirar jiki a ɓawon ƙwaƙwalwa, kuma yanke gaɓa ba ya goge gurbinta. V. S. Ramachandran ya nuna a farkon shekarun 1990 cewa wasu da aka yanke wa hannu, in aka shafa musu kumatu sai su ji a yatsun da babu, saboda gurbin fuska yana maƙwabtaka da na hannu. Ban ga inda aka buƙaci Husserl a nan ba.

Dan_Birni:
Kafin a yi nisa, don Allah malamai, mene ne sunan wannan fanni da Hausa? Kalmar tana da nauyi a baki, kuma ina tsoron in ba mu raɗa mata suna ba rabin masu karatu za su bar mu a hanya.

Dalibar_Harshe:
Yaya Dan_Birni, da za a bi tawa da an ce falsafar bayyana, tunda asalin kalmar a Girkanci daga abin da ya bayyana ne. Ɗaya fannin kuma kimiyyar hankali ya wadatar, domin ya tattara ilimin halayya da na harshe da na kwamfuta da na jijiyoyi. Amma tambayarka ta taɓo ainihin muhawarar. Turawa suna lissafa kafofin fahimta biyar, mu kuwa a Hausa aikatau biyu ne suka raba aikin, gani da ji. Muna jin magana, muna jin ƙamshi, muna jin gishiri a miya, muna jin sanyi da yunwa da kunya, kuma wanda ya iya harshe cewa muke yi yana jin sa. Wani mai bincike, Ian Ritchie, ya yi rubutu a kan wannan hali na Hausa a 1991. Abin da ke damuna shi ne, idan Bajamushe ya zauna ya bayyana tsarin ji da gani ya ce haka yake ga kowane ɗan Adam, ta yaya zai tabbatar harshensa bai shata masa iyakar gonar ba tun kafin ya ɗauki fartanya?

MalaminFalsafa:
Na karɓi falsafar bayyana, Malama, kuma tuhumarki tana kan hanya. Kai kuma ɗan'uwa Dalibin_Jijiya, hujjojinka na gaske ne, sai dai ka haɗa abu biyu da ya kamata a raba. Mutanen Nisbett an tambaye su sababi ne, me ya sa kuka zaɓa, kuma falsafar bayyana ba ta taɓa da'awar mutum yana ganin sababan da ke aiki a ƙwaƙwalwarsa ba. Tambayarta ita ce yaya abin yake. Husserl ya ƙi a kira aikinsa leƙen zuci, domin abin da yake nema shi ne tsarin da ba ya canjawa daga mutum zuwa mutum. Ga misalinsa: idan kana sauraron waƙa, sautin da ya wuce bai ɓace ba, yana maƙale da wanda kake ji yanzu, kuma kana tsammanin mai zuwa, shi ya sa in mawaƙi ya karya kari nan take za ka ji. Da sautin yanzu kaɗai hankali yake kamawa, da babu wanda ya taɓa jin waƙa, sai ƙara bayan ƙara. Wannan magana kowa zai iya gwada ta a kansa ya gaskata ko ya ƙaryata.

Sannan ka sake duba misalinka. Ta ina Ramachandran ya san an ji shafar kumatu a yatsu? Majinyacin ne ya faɗa masa, har ya nuna masa inda babban yatsa yake a fuskar da inda ɗan ali yake. In ka zare wannan bayani, abin da zai rage maka shi ne gurbi yana haske a hoto, ba tare da ka san abin da kake ƙoƙarin fassarawa ba.

Mai_Sanda:
Ni makaho ne tun ina shekara tara, da manhajar da ke karanta mini rubutu nake bin wannan muhawara. An taɓa karanta mini inda Merleau-Ponty ya yi maganar sandar makaho, cewa takan daina zama abin riƙewa ta koma ɓangaren jiki, kuma ina shaida ya faɗi gaskiya. Idan ina tafiya ba na jin icce a tafin hannuna, bakin kwata nake ji a can gaba, da inda kwalta ta ƙare yashi ya fara. Sai dai akwai abin da zan ƙara masa. Ranar da na canja sanda, ko da bambancin tsawonta da tsohuwar bai kai taƙi ɗaya ba, nakan yi kwana uku ko huɗu ina jin ta baƙuwa a hannu, in riƙa karo da abin da na ɗauka da saura. A kasuwa kuma, inda hayaniya ta yi yawa, sandar takan dawo hannuna ko da tsohuwar ce, domin rabin hanyata da kunne nake gane ta, da yadda ƙarar sandar ke dawowa daga bango. Ban taɓa haɗuwa da likitan da ya tambaye ni wannan ba, alhali mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Dalibin_Jijiya:
Baba Mai_Sanda, na gode da wannan bayani, kuma an auna makamancinsa. A 1996 Atsushi Iriki da abokansa a Japan suka koya wa birai jawo abinci da 'yar manjagara, suka tarar wasu ƙwayoyin jijiya da ke kula da kewayen hannu sun faɗaɗa yankinsu har ya haɗa da manjagarar, in birin ya daina aiki da ita kuma yankin ya koma yadda yake. Na yarda Merleau-Ponty ya riga su da shekara 51, amma ku lura da wanda ya yanke hukunci a ƙarshe. Matsayina shi ne na masanin falsafa Daniel Dennett: a saurari duk abin da mutum ya faɗa, a rubuta shi da kyau a matsayin abin da ya yi imani yana ji, sannan a bar gwaji ya nuna ko hakan ne. Bayanin mutum abin bincike ne, bai kai matsayin alƙali ba.

Almajirin_Zaure:
Allah ya ƙara wa malamai basira. Ni a zaure na yi yawancin karatuna, amma wannan gardama ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Imam Ghazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira, ya bambanta tsakanin sanin ma'anar lafiya da ƙoshi da sababansu, da kuma mutum ya kasance lafiyayye ƙosasshe. Likita in ya kwanta ciwo ya san ma'anar lafiya da magungunanta, amma ba ya tare da ita. Na biyun shi ya kira zauƙi, wato ɗanɗano. Ibn Sina kuma ya kawo misalin mutumin da aka halitta lokaci ɗaya a sararin iska, idonsa a rufe, gaɓoɓinsa a ware ba wadda ke taɓa wata, ya ce duk da haka ba zai yi shakkar samuwar kansa ba. Ina ganin abin da Husserl yake nema ke nan, kuma malamanmu sun riga shi.

Bakon_Damagaram:
Allah ya gafarta Malam, akwai ma dangantaka ta tarihi. Kalmar Latin da Brentano ya farfaɗo da ita don bayyana fuskantar hankali ga abu, malaman Turai na da sun yi amfani da ita wajen fassara kalmar ma'ana ta Larabci a littattafan Ibn Sina. Amma misalin mai rataye a iska yana jan akasin inda Merleau-Ponty ya nufa, domin Ibn Sina yana so ya nuna rai yana sanin kansa ba tare da jiki ba, shi kuwa Bafaranshen yana cewa ta jiki duniya take samuwa ga mutum tun farko. Ni a Yamai na karanci falsafa, da Faransanci muka karanta shi, kuma fannin ba baƙo ba ne a yankinmu, tunda Paulin Hountondji na Benin a kan Husserl ya rubuta kundin digirinsa na uku a 1970.

Akwai wani mutum a Ingila, Ian Waterman, wanda labarinsa ya kusa zama gwajin misalin Ibn Sina. A 1971, yana da shekara 19, wata cuta ta lalata jijiyoyin da ke kai wa ƙwaƙwalwa labarin taɓawa da na inda gaɓoɓi suke, daga wuya zuwa ƙasa. Tsokarsa lafiya lau, amma in ya rufe ido bai san inda hannunsa yake ba. Ya sake koyon tafiya ta hanyar kallon ƙafafunsa da shirya kowane taku a tunani, kuma in wuta ta ɗauke yana tsaye sai ya zube. Likitan jijiya Jonathan Cole da masanin falsafa Shaun Gallagher sun yi aiki tare a kansa, suka tsefe abu biyu da likitoci suka daɗe suna cakuɗawa, wato surar jiki da mutum yake riƙe da ita a tunaninsa, da tsarin jiki mai tafiyar da motsi ba tare da an kula ba. Waterman ya rasa na biyun, ya ɗora nauyinsa a kan na farkon. Dattijon Malama kuwa akasinsa ne, surar ta san an yanke ƙafa, tsarin motsin bai samu labari ba.

Injiniya_Manhaja:
Ina so in shigo ta ɓangaren kwamfuta, domin a nan fannonin biyu suka fara gwabzawa a fili. Kimiyyar hankali ta tashi a tsakiyar shekarun 1950, da taron masana na Dartmouth a Amurka a 1956 da makamantansa, a kan zaton cewa tunani sarrafa alamomi ne bisa ƙa'idoji kamar yadda kwamfuta ke yi. Masanin falsafa Hubert Dreyfus, wanda ya karanci Martin Heidegger, almajirin Husserl, da Merleau-Ponty, ya rubuta rahoto a 1965 da littafi a 1972 yana cewa wannan hanya za ta cije, domin gwanintar ɗan Adam ba ta rubutuwa a jerin ƙa'idoji, kuma sanin abin da ya dace da kowane yanayi ba ya ƙarewa a lissafa. An yi masa dariya, musamman da wata manhaja ta cinye shi a darar Turawa a 1967, amma daga baya tsohuwar hanyar ta cije ɗin. To yanzu ga ƙirƙirarriyar basira tana rubutu tana amsa tambaya alhali ba ta da jiki. Wannan ya rushe Dreyfus ne, ko ya tabbatar da shi, tunda su ma sabbin manhajojin daga misalai suka koya, ba ƙa'idoji aka rubuta musu ba?

Tela_Mai_Keke:
Ni tela ne, shekarata 22 a kan keke, kuma abin da Injiniya ya faɗa game da gwaninta haka yake. In ina aiki ba na ganin keken, layin ɗinkin kawai nake bi, sai allura ta karye ko zare ya harɗe sannan keken yake fitowa a gabana a matsayin ƙarfe mai sassa. Yaran da nake koya wa aiki sukan ce in faɗa musu yadda nake juya wuyan riga, in na tsaya zan faɗa sai hannun ya rikice, dole in ce su zuba ido kawai. Jiki ya san abin, amma bakina ba ya iya fitar da shi duka, kuma in Malama ta tambaye ni ba lalle abin da zan faɗa ya zama shi nake yi ba.

Mai_Kula_da_Zaure:
Jama'a, batun ƙirƙirarriyar basira ya cancanci zamansa daban, za mu buɗe masa. A nan mu koma kan tambayar Malama LikitarFisiyo, wadda maganar Malam Tela ta ƙarshe ta dawo da mu kanta.

Bakon_Damagaram:
Malam Tela, abin da ka faɗa game da keke shi Heidegger ya faɗa game da guduma a 1927. Matsalar bakin da ba ya fitar da abin kuwa, akwai waɗanda suka mai da ita aikinsu. Francisco Varela, masanin halittu ɗan ƙasar Chile da ya yi aiki a Paris har rasuwarsa a 2001, ya ba da shawara a 1996 cewa a horar da mutane su iya bayyana abin da suke ji da tsari, sannan a sa bayaninsu da awon ƙwaƙwalwa su riƙa yi wa juna gyara. A 2002 ɗalibinsa Antoine Lutz ya fitar da gwaji a kan haka. Ana nuna wa mutum ɗige-ɗige a allo har wata sura mai zurfi ta fito, ana auna wutar ƙwaƙwalwarsa. Bambancin da ake samu daga zagaye zuwa zagaye an saba ɗaukarsa hayaniya a zubar. Su kuwa sai suka tambayi mutanen halin da suke ciki kafin surar ta fito, ko a shirye suke tsaf, ko shirin rabi-rabi ne, ko hankali ya tafi wani wuri. Da aka kasa awon bisa wannan bayani, kowane kaso ya fito da nasa salon a ƙwaƙwalwa da nasa saurin amsawa.

Gwajin hotunan da Dalibin_Jijiya ya kawo kuma an maimaita shi. A 2013 Claire Petitmengin da abokan aikinta suka yi shi, amma a wasu zagayen, kafin mutum ya ga hoton da aka musanya, sai a yi wa mutum hirar da ke mayar da shi lokacin zaɓen daki-daki, ina idonka ya fara sauka, me ya biyo baya, ba tare da an ce masa me ya sa ba. Inda aka yi hirar an gane musanyar a kashi 80 cikin ɗari, inda ba a yi ba kuwa kashi 33.

Dalibin_Jijiya:
Na san gwajin Lutz, mutum huɗu ne kacal a cikinsa. Na Petitmengin kuma ana iya cewa hirar ta ƙarfafa tunawa da fuskar ne kawai, tunda mutum ya daɗe yana juya ta a ransa. Akwai kuma matsalar da ta fi waɗannan girma: idan ka horar da mutum ya lura da abin da yake ji, ta yaya za ka san horon buɗe masa ido ya yi, ba canja abin ya yi ba? Malam Tela ya ce in ya tsaya zai faɗa sai hannun ya rikice, ke nan abin da aka bayyana ba lalle ya zama abin da ke gudana kafin a tambaya ba. Duk da haka na janye kalmata cewa ba a buƙatar Husserl. Ana buƙatar masu iya tsara tambaya, wannan na sallama.

MalaminFalsafa:
Ni kuma tsorona daga ɗaya gefen yake. Husserl ya yi rubutu a 1911 yana yaƙar masu son mayar da hankali ɗaya daga cikin abubuwan duniya da ake aunawa kamar dutse da ruwa. A wurinsa hankali shi ne filin da komai yake bayyana a ciki, har da na'urar awon da sakamakon da mai bincike yake karantawa a allo. Shi ya sa bayan an fitar da wani babban kundi a 1999 da nufin shigar da falsafar bayyana cikin kimiyyar awo da gwaji, masana irin su Dan Zahavi na Denmark suka yi tambaya ko abin da zai rage bayan an shigar da ita zai ci sunanta. Ina murna da haɗin gwiwar, amma sallamawarka ta bar falsafa a matsayin 'yar aiken ɗakin gwaji, ta kawo tambaya a sallame ta, kuma ban yarda nan aikinta ya tsaya ba.

Nas_Sashen_Hankali:
Ni ma'aikaciyar jinya ce a sashen masu taɓin hankali, kuma a wurinmu wannan ba gardamar littafi ba ce, domin babu gwajin jini ko hoto da zai nuna maka cutar sikizofireniya, da bayanin majinyaci da halinsa ake gane ta. Karl Jaspers ya shigo da hanyar Husserl cikin wannan fanni tun 1913, kuma a 2005 Josef Parnas da abokan aikinsa suka fitar da tsarin hira mai bin diddigin canjin da ke samun mutum a jin kansa, kamar ya ji tunaninsa ba nasa ba ne, ko ya ji tazara tsakaninsa da jikinsa. Amma maganar Dalibar_Harshe ita ce damuwata kullum. Majinyaci zai ce an shiga jikinsa, ko kansa ya yi nauyi, ko wani abu yana yawo a ƙarƙashin fatarsa, takardunmu kuwa da Turanci suke, kuma na sha ganin an dunƙule waɗannan maganganu a kalma ɗaya a fayil. Ciwon zuciya kaɗai yana iya zama na likitan zuciya, yana iya zama baƙin cikin da ya daɗe. Ina ganin kafin mu raba gardamar hujja sai mun fara iya rubuta bayanin yadda aka faɗe shi.

LikitarFisiyo:
Na gode ƙwarai, malamaina. Jiya dattijon ya zo, sai na bar tambayar lamba zuwa ƙarshe, na bi abin da na tsinta a bayanin Bakon_Damagaram, ban ce masa me ya sa ba, na ce Baba, yaya ƙafar take a yanzu da muke zaune. Ya yi shiru, sannan ya ce yatsun a dunƙule suke kamar an sa masa takalmin da ya matse shi, kuma ta fi ta dama gajarta, tafin yana kusa da dungun. Ya ce in ya sa ƙafar roba yana tafiya sai ta miƙe ta cika robar, ƙaiƙayin ya lafa, in ya cire da dare ta sake dunƙulewa. Wata bakwai ina ganinsa ban taɓa jin wannan ba, kuma ya canja abin da zan yi. Zan gwada masa madubi irin na Ramachandran, ya riƙa kallon lafiyayyar ƙafar a ciki yana buɗe yatsu, kuma na ce ya riƙa jingine sandarsa a gefen da yake saukowa, inda hannu zai ci karo da ita kafin ƙafa ta nemi ƙasa. Da na zo kan lamba ya ce huɗu, kamar watan jiya. Dalibin_Jijiya, tambayarka tana nan a raina, ko tambayata ce ta sa ya lura da dunƙulewar, ko ita ta haifar da ita.

Dalibin_Jijiya:
Malama, akwai abin da za ki iya yi a kai. Ki tambayi wanda yake rako shi ko ya taɓa ambaton matsin takalmin a gida kafin jiya. Sannan ki riƙa rubuta kalmominsa da Hausa yadda ya faɗe su kowane mako, a gefen lambar, kafin madubi da bayansa, mu ga wanne zai fara motsawa a cikin biyun.

Mai_Sanda:
'Yata, in ya dawo ki ƙara masa da tambaya ɗaya daga gare ni. In yana tafiya da ƙafar robar, a ina yake jin ƙasa, a dungun ko a can ƙarƙashin robar? Ki kuma tambaye shi ko amsar takan canja idan yana tafiya a kan yashi ko cikin cunkoson jama'a.